Gam ɗin tambarin mota ya ƙi fita, me ake sawa?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema. Rubutun nan na Corolla da ke jikin but harafi ɗaya ya faɗi, sai na ɓamɓare sauran da niyyar in sayo sabo a Dilimi in manna. To rubutun ya fita amma gam ɗin yana nan daram, baƙi, ga ƙura duk ta bi ta manne a kai. Na wanke da omo ko gezau. Me ake sawa wanda ba zai ci fenti ba?

Ɗan Gangare: Wslm. Fetur kawai, jiƙa tsumma ka goga yanzun nan zai narke

Usta Mai Fenti: A'a ɗan uwa, kar a fara da fetur. Yana narkar da gam ɗin gaskiya ne, amma idan motar an taɓa sake mata fenti kuma ba mai kyau ba zai iya dusar da ƙyallin wajen, sannan ga haɗarin wuta. Baban Ummi wannan abin da ka gani ba gam ɗin ruwa ba ne, tef ne mai gam gaba da baya, tsakiyarsa soso, irin na kamfanin 3M. Da ka ɓamɓare rubutun sai soson ya rabu biyu, rabi ya bi rubutun rabi ya zauna a jikin mota. Shi kuma zafi yake so. Yanzu da muke cikin hunturun nan na Jos idan ka tashi da sassafe kana kankara wlh wahala kawai za ka sha don sanyi ƙara masa tauri yake. Bari rana ta take, ka juya bayan motar ya kalli rana wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyu, in jikin motar ya ɗau ɗumi sai ka sa babban yatsa kana murzawa daga gefe, za ka ga yana naɗewa yana fita kamar dattin jiki in mutum ya daɗe bai cuɗa ba. Sai soson ya tafi tukuna ake maganar abin gogewa.

Maman Sadiq: Usta dirayar gashi fa? Ni da ita na cire sitikar dila da ta zo a jikin motata daga Amurka

Usta Mai Fenti: Hajiya ita ce ma ta fi, musamman ranar da hazo ya rufe rana. A riƙe ta nesa kaɗan a dinga yawo da ita, kar a tsaya waje ɗaya. Ma'aunin shi ne hannu, in ka taɓa ƙarfen ka kasa barin hannunka a kai to zafin ya yi yawa. Kuma dan Allah wanda ya riga ya shafa fetur ko kananzir kar ya kawo diraya kusa da wajen.

Alhaji Bukur: Ni dai tun zamanin 504 kananzir na sani, kuma har yau bai ci min fenti ba. A ɗiga a tsumma, a dafa a kan gam ɗin minti biyu uku, a goge, a wanke da sabulu nan take. Yaran yanzu komai sai na gwangwani.

Injiniya Rayfield: Baba Alhaji kananzir na yi, ban musa ba. WD-40, man feshin nan na gwangwani, ma haka yake aiki, shi ma mai ne yake shiga ƙarƙashin gam ɗin ya sake shi. Akwai Goo Gone da kuma na kamfanin 3M da aka yi musamman don wannan aikin, in an samu na gaske sun fi sauri. Matsalar dukansu ɗaya ce, suna barin maiƙo, kuma tunda sabon rubutu zai manna to in bai cire maiƙon ba sati ba zai yi ba zai tsinci harafi a ƙasa. Bayan sabulu ya bi da sifirit ɗin kemis a tsumma mai tsabta, ya bari ya bushe.

Ɗan Gangare: To tina fa? masu fenti ai da ita suke goge komai

Usta Mai Fenti: Muna wanke bindigar feshi da ita ne saboda fenti take narkarwa, to ka ga kuwa ba abin kai wa jikin mota ba ne. Tina, abin goge jan farce na mata, reza, soson ƙarfe, ko wanne na ga motar da ya ɓata. Mai reza ya fi ban tausayi don sai rana ta haska yake ganin zanen da ya yi, kuma wani zanen folish ba ya ɗauke shi sai an sake fesa but ɗin gaba ɗaya. In dole sai an kankara a sa tsohon katin ATM, a kwantar da shi.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai Usta, Allah ya ƙara basira. Akwai tambarin Toyota na tsakiya shi ma ya fara ɗagowa ta gefe, in haɗa da shi?

Usta Mai Fenti: In za ka cire kar ka sa sukundireba. Ɗumama shi, ka samo zaren nan mai ƙarfi na masu gyaran takalmi ka zura ta bayansa kana ja dama da hagu yana yanka soson. In ka ji zaren ya tokare to ka tsaya, wasu tambarin suna da ƙafafu na roba da suka shiga huji a jikin ƙarfe, sai dai a zagaye su a zaro shi a miƙe. Masu son barin motarsu ba tambari su san da wannan, kar a cire a tarar da huji biyu ruwan sama na shiga.

Injiniya Rayfield: Ƙari a nan, masu Camry 2018 zuwa sama da ire-irenta su bar tambarin gaba ya zauna lafiya. Da yawansu akwai na'urar rada a bayansa wadda ke auna tazarar motar da ke gabanka, in aka canza shi da na roba na kasuwa sai ta fara kawo saƙon matsala a dashbod.

Maman Sadiq: Ni abin da ya dame ni bayan na cire sitikar sai wajen ya fi sauran jikin motar duhu, har yanzu ana ganin shatinta

Usta Mai Fenti: Wannan ba gam ba ne Hajiya, rana ce ta ci sauran fentin shi kuma wajen yana ɓoye. Folish mai laushi yana rage shi sosai, a jar mota da baƙa dai wani lokacin ba ya ɓacewa duka. Amma ga Baban Ummi shatin nan alheri ne, kafin ka goge ka zagaye shi da tef ɗin takarda don sabon rubutun ya zauna daidai inda tsohon yake, kar ya karkace.

Mai Sienna: Slm, tawa daban ce. Wanda na saya a hannunsa da supa gulu ya manna tambarin wai saboda ɓarayi, ya yi fari ya ƙanƙare a gefe

Usta Mai Fenti: Kai, wannan ita ce babbar. Supa gulu zafin diraya ba ya yi masa komai, kananzir ma haka, abin da ke narkar da shi kuma shi ke cin fenti. Kar ka taɓa a gida, kai wa mai fenti a Farin Gada ya bi shi da sanfefa mai laushi sosai da ruwa sannan ya yi folish, in kiliyar, wato shafin ƙyallin da ke saman fenti, ba ta yi siriri ba zai fita.

Alhaji Bukur: Baban Ummi in ka je Dilimi ka duba bayan rubutun kafin ka biya, wasu tef ɗin da ke jikinsu ba shi da kauri. Gara ka sayi tef mai kyau daban. Ka manna da rana, ka danne sosai da tafin hannu, kuma ka yi kwana 3 ba ka kai ta wanki ba don gam ɗin ya gama kamawa.