Me ake ba yaran Sinawa a bikin sabuwar shekararsu?

Daga Yamai: Salamu alaikum ƴan'uwa. Maƙwabcinmu ɗan ƙasar Sin ya gayyace mu biki, me ke faranta wa yaransu rai?

Daga Tawa: Malam, kuɗi cikin jan ambulan, kamar barka da salla. Sa sabbin takardun kuɗi. Ka guji adadi mai 4, suna camfa shi da mutuwa, farin ambulan kuwa na makoki ne. Yaro zai amsa da hannu biyu, ba ya buɗewa gabanka, kada ka matsa masa.

Wata daga Yamai: Bikin kwana 15 ne, ƙanana suna ɗokin daren ƙarshe na fitilu. Sayi mai batir, don ta takarda mai kyandir tana kama wuta idan yaro ya ruga da ita cikin iskar hunturu.