Motata na jijjiga idan zan tashi daga tsaye

Assalamu alaikum. Golf 3 ce mai giyar hannu. Duk sanda na sa giya ɗaya na fara sakin kuloci, sai gaban motar ya kama jijjiga, har ina jinta a tafin ƙafata ta hagu. Da na shiga giya biyu sai ta lafa. A silo, wato tana tsaye inji na aiki, lafiya lau take. Abin ya fi tsananta a hawa, musamman da kaya a but.

An canza filogi, an yi balansin taya, an sa sabon mawuntin inji (robar da inji ke zaune a kai), duk a banza, kuɗi kawai ke tafiya. Akwai kuma ɗigon baƙin mai tsakanin inji da giyabos. Yanzu bakanike ya ce sai an sauke giyabos ɗin.

Don Allah, wane gwaji ne zai tabbatar min kulocin ne kafin a sauke?