Bawul ko ƙyaure? Neman Hausar aikin zuciyan nan

Jama'a ku taya ni, kwana uku kenan ina kokawa da wasu kalmomi. Wata 'yar'uwa aka yi wa babanta aikin zuciya, ta turo min takardar da likita ya rubuta wai in fassara mata, na karanta na gane sarai amma da na zo faɗa da Hausa sai baki ya ɗaure.

Ta farko abin da turawa ke kira balf. Zuciya na da guda 4, aikinsu su buɗe jini ya wuce su rufe kar ya dawo baya. Na babanta shi ne maitiral, wanda ke tsakanin ɗakin sama da ɗakin ƙasa na ɓangaren hagu, marfi biyu gare shi, ya daina rufuwa da kyau jini na komawa wajen huhu, shi ya sa tsoho ke haki ko sallah ya yi.

Da na tambaya ɗazu wani ya ce ai muna da bawul, me za a wahala. Gaskiya ne kowa ya san bawul ɗin taya, kuma ma'anar ta yi kusa tunda shi ma hanya ɗaya yake bari. Wani ya ce ƙofar zuciya, ni dai ban so ta ba, ƙofa ai ramin ne da ake wucewa, abin da ya lalace kuwa marufin ne. Nan ne wata malama ta ce ƙyaure, wlh sai da na tashi zaune. Ƙyauren zuciya. Ka ce wa dattijo ƙyauren zuciyarka ne baya rufuwa yana yoyo, ba sai ka ƙara komai ba. Bawul na bar wa ma'aikatan lafiya in sun ga dama.

Ta biyu ita ce mai haɗarin, minimali inbesif. Da yawa sun rubuto ƙaramar tiyata. A'a dan Allah. Yankan ne ƙarami, aikin ba ƙarami bane. A tsohuwar hanya tsaga ƙashin ƙirji ake yi daga sama har ƙasa, ƙashin ya ɗau sati 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. A wannan kuwa ana shiga ta tsakanin haƙarƙari a gefen dama, yankan kamar santimita 5, da kyamara da dogayen kayan aiki, amma fa duk da haka ana jona mutum da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu, yawanci a tsayar da zuciyar a gyara. To ka ce wa iyali ƙaramar tiyata ce, gobe su ce ya tashi ya hau aiki ai ba komai aka yi masa ba.

Ni na tsaya a kan tiyatar ƙaramin yanka.

Sai dai akwai wata kala da babu yankan ƙirji sam, ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuciya a maƙale marfin biyu da ɗan maƙali, irin MitraClip da Amurka ta amince da shi a 2013, dabarar kuma daga ɗinkin wani likitan Italiya Ottavio Alfieri aka samo ta. Wannan gyara ta jijiya zan ce mata, kar a haɗa su suna ɗaya.

Toh sai batun ko aikin ya yi amfani, abu biyu suke aunawa. Ɗaya shi ne iya motsin da mutum zai yi kafin ya gaji. An kawo ƙarfi, an kawo kuzari, na zaɓi juriya, don ƙato ma zai iya ɗaga buhu amma ya kasa hawa bene hawa ɗaya. Gwajin ma mai sauƙi ne, tafiyar minti 6 a baranda mai tsawon mita 30 kana kai da kawowa, a ƙirga mita nawa ka ci, kafin aiki da bayan wasu watanni.

Ɗayan shi ne ya tayar wa 'yar'uwar nan hankali. A hoton eko, wato sikanin zuciya, akwai lamba da ke nuna kashi nawa na jinin da ke ɗakin ƙasa na hagu zuciya ke harbawa a bugu ɗaya, mai lafiya wajen 55 zuwa 70 cikin 100. Ta ga ta babanta ta sauka bayan aiki ta kira ni murya na rawa. Alhali hakan na yawan faruwa, lokacin da ƙyauren ke yoyo jinin hanya biyu yake fita, gaba da baya, sai lambar ta yi kyau na ƙarya, da aka toshe yoyon sai ainihin ƙarfin zuciyar ya bayyana, kuma duk abin da ta harba yanzu jiki yake zuwa. Likitansa ne zai faɗa ko saukar ta wuce misali. Wannan lambar na sa mata suna kason harbi na wucin gadi, kunnena bai gama yarda da kalmar ba, in da mai wadda ta fi ya kawo.