Muhawara: Iska ce ke kayar da ƙananan jirage wajen sauka, ko matuƙi?

Alhaji Sani, Riyad: Salamu alaikum, jama'a. Jiya na je kallon ƙananan jirage a filin jirgin Sumama da ke kusa da Riyad, na ga iska tana wasa da su kamar ganye. A ganina, idan irin wannan jirgi ya faɗi wajen sauka a ƙasar nan, iskar hamada ce sanadi, ba matuƙi ba.

Malam Bashir, Jidda: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda ba. Ɗaya daga cikin wuraren da aka fi halaka wajen sauka shi ne kwanar ƙarshe, lokacin da jirgi ke juyowa ya fuskanci titin sauka, tsakaninsa da ƙasa bai wuce ƙafa 500 ba. Idan ya zarce saitin titin, sai matuƙi ya ƙara karkata yana jan sandar tuƙi, alhali a karkatar digiri 60, in ana riƙe da tsayi, nauyin da fikafikai ke ɗauka yana ninkawa biyu, gudun da ake buƙata don kada su saki jirgin kuma yana ƙaruwa da kusan kashi 41 cikin ɗari.

Alhaji Sani: Malam, me ya sa ya zarce saitin, in ba iska ce ta turo shi ta baya ba?

Injiniya Usman, Madina: Gaskiyarka, Alhaji, iska ce ke buɗe ƙofa, amma ba ita ke shiga ba. Kai kuma Malam Bashir, ba kowa ke kaiwa digiri 60 ba. Ɗalibin da aka tsoratar da wuce digiri 30 yakan taka fedar wutsiya don ya tilasta wa hancin jirgi juyowa, jirgin ya riƙa zamewa, fiffiken da ke cikin kwanar ya riga ɗan'uwansa saki, sai jirgin ya kife yana juyi kamar katantanwa. Ko Cessna 172, ƙaramin jirgin da ake koyon tuƙi da shi, duk sauƙin halinta, ba ta da tsayin farfaɗowa a nan. Da ya ƙara wuta ya fasa saukar, ya sake zagayowa, da shi ke nan.

Alhaji Sani: To, Injiniya, a Abha da ke bisa duwatsu, sama da mita 2,000, inda iska ba ta da kauri fa?

Injiniya Usman: A can jirgi ya fi gudu bisa ƙasa ko da agogon gudu na nuna abin da aka saba, kwanar ta ƙara faɗi, zarce saiti ya ƙara sauƙi. Amma fedar nan, Alhaji, ƙafar mutum ce ke taka ta.

Alhaji Sani: Na ji, sai dai ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba.