Kociyoyin ƙauye: me ya fitar da ku daga zagaye fili zuwa koyar da wasa?

Koci daga wajen Ringim:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina riƙe da samarin garinmu, 'yan shekara 15 zuwa 18. Sun iya tare ƙwallo, sun iya fasin, ga numfashi. Amma da alƙalin wasa ya hura usur sai kowa ya bi ƙwallo, tsakiya ta zama wayam, a ci mu da ƙwallon da bai kamata ba. Gudu da bugun raga sun kai mu iya inda za su kai mu. Wanda ya taɓa tsayawa a wannan gaɓa, don Allah ya faɗa mana yadda ya wuce.

Koci daga Dambatta:
Wa alaikumus salam. Abin da ya canja min yarana shi ne, kowace yamma matsala ɗaya tak nake ɗauka. In yau batun buɗe fili ne, to tun daga ɗumama jiki har a tashi babu wata magana sai ita.

Nakan fara da huɗu a waje, biyu a ciki suna farautar ƙwallo, abin da 'yan Sifaniya ke kira rondo, wanda Barcelona ta yi suna da shi tun zamanin kocinta Johan Cruyff. Taɓawa biyu kawai aka yarda. Daga nan sai in ja layi da toka, in raba fili gida uku a tsaye, a yi bakwai da bakwai, da sharaɗin ba a ƙirga ci sai ƙwallo ta ratsa gefen dama da na hagu. Ba sai na yi ihu ba, sharaɗin ne ke tilasta wa ɗan gefe ya tsaya a wurinsa. In na tsayar da wasa, tambaya nake yi: "Kai, da ka karɓa, wa ka gani?" Yaron da ya nemo amsa da kansa ba ya mantawa ranar wasa.

Ka kuma lura da filinka. Namu yashi ne, yana cinye fasin mai sanyi, don haka nake sa su matso kusa da juna kuma su buga da ƙarfi.

Malamin makaranta daga Birnin Kudu:
Koci, ka nemi kwas. Lasisin koci na CAF, hukumar ƙwallon Afirka, hawa-hawa ne: D, C, B, A, sai Pro a ƙoli, kuma ta hannun NFF, hukumar ƙwallon Najeriya, ake yi, sai ka riƙa bibiyar hukumar ƙwallo ta jiha don jin lokacin da za a buɗe. Akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, NIS, da ke Surulere a Legas, ga mai hali. Ni babban abin da na tsinta shi ne rubuta atisaye a takarda kafin in fito: me nake so su koya, minti nawa, yara nawa, in ya yi musu sauƙi me zan ƙara.

Sai dokoki, don suna canjawa. Tun 2019 gola zai iya miƙa wa ɗan bayansa bugun gida a cikin da'irar yadi 18, wannan ya sa fara gina wasa daga wajen 'yan baya ya zama abin koyarwa. Daga 2025 kuma, golan da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8, bugun kwana ake ba abokan hamayya. Har yanzu ina ganin ana rigima a kan wannan a gasar ƙauyuka.

Koci daga Kura:
Mu nan noma ne ke tsara mana komai. Da damina yaro ya wuni a gonar shinkafa, in ka ce ya yi gudu ka cuce shi, sai a yi aikin ƙwallo mara nauyi. Da rani wasu sun tafi ci-rani, shi ya sa kowane yaro nake koya masa gurbi biyu. Da azumi kuwa gajeren atisaye muke yi dab da shan ruwa.

Dattijo daga Gaya:
'Ya'yana, duk na ji, amma kada ku yar da gudu gaba ɗaya, ƙungiyar da ta gaji a minti 70 ba ta tuna darasi. Abin da ya fi damuna shi ne gidan kallo. Kyamara ƙwallo take bi, kocin da ya tsaya nan ba zai taɓa ganin yadda 'yan baya ke matsawa tare ba. Lokacin da Kano Pillars ta ɗauki kofin lig sau uku a jere, 2012 zuwa 2014, nakan shiga mota zuwa filin Sani Abacha, in zauna a sama, in zuba wa ɗan wasansu Rabi'u Ali ido lokacin da ba ya tare da ƙwallo: inda yake tsayawa, yadda yake waiwaye kafin ta iso. Ku je ku kalli wasa haka, ko na Jigawa Golden Stars ne, ku tafi da kyaftin ɗinku.

Koci daga Kazaure:
Baba ya yi gaskiya, ga kuma hanya mai araha. Nakan ba wani ƙanena waya ya hau katangar makaranta ya ɗauki rabin farko daga sama. Bayan isha'i mu zauna da 'yan tsakiya kaɗai mu kalla. Da suka ga kansu su uku a cunkushe wuri ɗaya, ban ƙara cewa komai ba. Ka dai sa mai ɗauka ya bar zuƙo hoto, ya kama faɗin fili, in ba haka ba irin ta gidan kallo zai kawo maka.