Juma'a zan kai littafin cocinmu wurin bugawa, kalma ɗaya ta tsare ni

Maman Zumunta: Salama 'yan'uwa. An ba ni aikin juya tarihin cocinmu zuwa Hausa, ɗan littafi mai shafi 24, kwafi 300. Na iso inda aka ce an gina cocin a archiepiscopate na Peter Jatau, 1975 zuwa 2007. Kujerar ake nufi ko shekarun da ya yi a kanta? In bar ta haka ko in sa me? Kuma nawa kuka biya irin wannan bugu?

Ɗan Wusasa: Mama, ki sa Firamet kawai, wato shugaban cocin ƙasa baki ɗaya, shi ne babba.

Tsohon Katikis: Ɗana, wannan naku ne na Angilika, inda Henry Ndukuba ke riƙe da shi tun 2020. Jatau na Katolika ne, Akbishop na Kaduna. Kalmar tana ɗaukar biyun, muƙamin da kuma tsawon zaman mutum a kansa. Tunda ga shekaru a gefe, rubuta "a zamanin Akbishop Peter Jatau". Haka muke cewa zamanin sarki wane, kowa ya gane.

Talatu K.: Ni dai Mama ki karanta gwajin da idonki kafin su buga. Mun tara dubu ɗari da tamanin na zanen anko, ranar da Akbishop zai zo ba da sakramentin ƙarfafawa. Mai bugun ya ga kalmar Akbishop, ya ce kuskure ne, ya mayar da shi "Babban Limami" bai tambayi kowa ba. Yadi ya iso ana gobe taro. Mata suka ce ni na ci kuɗin na kai wa mai araha. Har yau akwai wadda ba ta amsa gaisuwata a bakin coci, mai bugun kuwa ya kashe waya. Da hawaye na ɗaura zanen nan.

Bulus Mai Gyaran Rediyo: Ai gidajen rediyo ma babban limamin Kirista suke cewa. Mai bugun ya yi sauraro da kyau 😂

Talatu K.: Bulus, ba kai aka kira ɓarauniya ba.

Ɗan Wusasa: Kwafi 300, dubu casa'in na biya a Zariya.

Asabe: Yaushe? Takarda kaɗai ta fi haka yanzu. Mu dubu ɗari biyu da hamsin aka ce mana a Kaduna, bangon ma ba mai sheƙi ba.

Malamin Sakandare: "Babban Bishop" ya fi, Hausa ce tsantsa. Shi ke mulkin sauran bishop-bishop.

Tsohon Katikis: Bishop ɗin Hausa ce? Kuma ba ya mulkinsu. Dayosis (yankin da bishop ke kula da shi) na Kano, Zariya, Sakkwato, Kafanchan, Minna, Kontagora da na Katsina da aka ƙirƙira a 2023 suna lardin coci na Kaduna, amma kowane bishop Paparoma yake amsa wa. Abin da Akbishop ya fi su shi ne shugabancin lardi da faliyum, ɗan gyalen nan na gashin tunkiya da Paparoma ke sa wa albarka ranar 29 ga Yuni.

Malamin Sakandare: Baba, da girmamawa, ni na karanci harshe a jami'a.

Asabe: Shi kuma tun ba a haife ka ba yake wa Fada tafinta a kan bagade.

Talatu K.: Wai ma me ya sa kullum sai an gama na Turanci, mai hoto mai launi, sannan a tuna da mu? Baiko kuwa ba a mantawa da masu sujadar Hausa.

Bulus Mai Gyaran Rediyo: Ga tamu ƙarfe shida na safe, ko fanka ba a kunnawa sai 'yan ƙarfe tara sun zo.

Maman Zumunta: To na Zariyan nan, har da bango ne dubu casa'in ɗin?

Asabe: Bulus, ku har kuna da fanka? Mu littafin waƙoƙin Hausa guda nawa ya rage, duk bango ya cire, an ce a jira kwamiti.