Ina son mayar da tsohuwar kwamfutata rumbun bidiyo na gida, ku ba ni shawara

Baban Amira, Anguwan Rogo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da kwamfutar tebur, Dell OptiPlex 7010, babbar mai tsayi, Core i5, ram giga 4. Tun da na rufe shagon buga takardu take ajiye a ƙarƙashin gado. Jiya na jona ta, ta tashi lafiya, sai dai fankar tana ƙara kuma agogonta ya rikice.

Abin da ya sa na tuna da ita: watan jiya ƙaramin faifan ajiyata na aljihu ya zame daga kan tebur yana cikin aiki. Da na sake jona shi sai ƙas-ƙas-ƙas kawai yake yi. A ciki akwai bidiyon bikinmu da hotunan sunan yara. Allah ya taimaka, karatun da mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake yi a zaure bayan magariba, wanda muka juyo daga kaset, yana nan a wayar ƙanwata. Ban yi barcin kirki ba sai da na tabbatar.

Ina son wuri ɗaya a gida da za mu tara komai, uwargida ta kalla a talabijin ɗin falo, yara su buɗe nasu a waya, ba tare da ƙona data ba. Kuɗina bai taka kara ya karya ba. Wannan kwamfutar za ta iya? Me zan fara saya?

Injiniya, Farin Gada

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi nan. Za ta iya, har da rara. Ajiye fayil da miƙa shi ga waya ba aiki ne mai nauyi ba.

Ka nemi ƙaramin SSD, wato faifan ajiya mai sauri da ba ya juyawa, ko giga 120 ne, ka sa masa OpenMediaVault, manhajar da ke mayar da kwamfuta rumbun fayil a madadin Windows. Kyauta ce, a kan Debian aka gina ta, kuma giga 4 ɗinka ya ishe ta. Dalilin SSD ɗin shi ne manhajar tana cinye duk faifan da aka ɗora ta a kai, don haka kar ka haɗa ta da kayanka a faifai ɗaya. Bayan ka gama girkawa, cire allo da madannai, daga burauzar wayarka za ka riƙa sarrafa ta. Ka kunna SMB, wato hanyar raba fayil tsakanin na'urorin gida, ka buɗe jaka, shi ke nan. VLC, manhajar kallon bidiyo, a waya ko a talabijin mai Android zai ga jakar da kansa. Wani zai ce maka TrueNAS, wata manhajar mai irin wannan aiki. Tana da kyau, amma tana neman ram giga 8 zuwa sama, ba ta gidanka ba ce yanzu.

Data kuwa, muddin kuna kan rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, ko babu ko sisi a layin, bidiyo zai yi. Amma ka ja waya daga kwamfutar zuwa rauta, kar ka dogara da Wi-Fi. Ka kuma duba ramin rautar. Kwamfutarka tana da rami mai gudun gigabit, wato megabit 1,000, tana iya tura kusan mega 110 a daƙiƙa, amma rautoci masu araha da yawa a megabit 100 suke tsayawa, wato mega 11 ko 12. Kallo zai yi, kwashe kaya ne zai ja dare.

Malam Sabo mai gyara

Injiniya ka yi gaskiya, amma ni da zan ce ya ci gaba da Windows ɗin da ya saba da ita, ya raba jaka kawai. Ranar da abu ya lalace, duk mai gyara a kasuwar Terminus ta Jos zai iya taɓa masa.

Injiniya, Farin Gada

Malam Sabo, ban ƙi ba. Sai dai Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoban 2025, kuma Core i5 ɗin da ke cikin injin nan tsohon samfuri ne, na zango na uku, Windows 11 ba ta amince da shi ba a hukumance. In zai ci gaba da ita, to kar a riƙa yawo a intanet da ita.

Malam Sabo mai gyara

To, na yarda da wannan. Bari in yi maganar ɓangarena. Baban Amira, kafin ka kashe ko kwabo, fito da ita tsakar gida ka buɗe murfin. Shekarun da ta yi a ƙarƙashin gado, ga hunturun Jos, za ka tarar da ƙura ta yi kamar bargo a kan ƙarfen da ke sanyaya injin. Ka hure ta da bulawa, amma ka dafe fankar da yatsa kar iska ta juya ta fiye da kima. Agogon da ya rikice batirin babban allon cikin kwamfutar ne ya mutu, wani mai kama da kwabo, CR2032. Ka canza shi, don in ba haka ba duk saitin da ka yi zai gudu da zarar an ɗauke wuta. Sannan danna F2 lokacin tashi, ka nemi AC Recovery ka sa ta kunna kanta in wuta ta dawo.

Faifai kuma, in na hannu za ka saya, kar ka biya sai an jona shi an buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, a gabanka. Shuɗi lafiya, rawaya ka ajiye musu kayansu ko nawa suka rage. Ka duba awannin da ya yi yana aiki. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, ka yi lissafi da kanka. Na sha ganin faifai fes a waje, a ciki ya tsufa tukuf.

Maman Sadik, Bukuru

Yaya, ni ba masaniyar inji ba ce, amma abin da ya same ka ya taɓa samuna, shi ya sa zan yi magana. Duk wannan da ake faɗa, in ka tara komai a faifai ɗaya cikin kwamfutar nan, ba abin da ka canza. Wurin faɗuwa kawai ka sauya. Ka raba kayan biyu. Fim da katun na yara, in sun tafi za a samo wasu. Muryar Baba ba ta da kasuwa. Ita da hotuna ka sa su a wuri uku: cikin kwamfutar, cikin wani faifai da za ka cire ka kai gidan ƙanwarka, sannan Google Drive, tunda yana ba da giga 15 kyauta kuma sauti ba shi da nauyi. Don Allah ka yi wannan yau, tun kafin ka taɓa kwamfutar. Wayar ƙanwarka ma waya ce, tana iya faɗawa ruwa.

Injiniya, Farin Gada

Hajiya ta faɗi abin da ya fi duk nawa. In ƙara: ko faifai biyu ka sa suna kwafar juna a ciki, abin da yaro ya goge a ɗaya ya gogu a ɗayan, tsawa kuma in ta shigo ba ta zaɓe. Ka san daminar Jos. Hadari ya haɗo, zare soket har da wayar rauta.

Wuta: irin wannan kwamfutar tana cin wajen wat 30 zuwa 40 in tana zaune. Mu ɗauki 40, a awa 24 kusan yunit ɗaya ke nan, yunit 30 a wata. In daga magariba zuwa sha biyu kawai za ta yi, bai fi yunit 7 ko 8 ba. Ƙaramin UPS, mai riƙe wuta in an ɗauke, ko inbata ya zama dole, don yankewar wuta ana cikin rubutu ita ke lalata fayil. Jellyfin, mai jera finafinai da hotunansu, ka bar shi sai ka zauna da gindinka, domin injinka zai sha wuya wajen juya bidiyon H.265, wani salon matse bidiyo.

Baban Amira, Anguwan Rogo

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Maman Sadik, na je gidan ƙanwata bayan la'asar, karatu 43 ne, duka na kwashe a filasha, yanzu haka suna hawa Google Drive. Mun saurari ɗaya tare, har tarin da yake yi kafin ya fara yana ciki. Malam Sabo, na buɗe murfin, ƙurar ta fi yadda ka faɗa. Akwai gurbin faifai biyu. Asabar zan shigo Terminus neman batirin da SSD. In na samu faifai mai tera 2 na hannu, awa nawa ne in na gani zan haƙura da shi?